Yadda Bayan Bango Ya Taɓa Ƙasa a Tawa

Tun ranar da muka dawo daga Tawa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a bakin kasuwa, tambaya ɗaya ce: "Illa, da gaske ne bayan Bango ya taɓa ƙasa? Wa ya ka da shi?" In na fito masallaci, ita ce. Har a wurin zaman makoki wani ya matso kusa da ni ya yi mini ita a kunne. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowa in ya tashi sai ya ƙara masa nasa gishiri. Jiya na ji wai mace ce ta ka da shi, shekaranjiya wai mutum goma ne suka taru a kansa. Malam Sa'idu, mai koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci, ya ce mini: "Shekara uku kana koyon rubutu, ga ranar amfaninsa ta zo. Rubuta sau ɗaya. Wanda ya tambaye ka ka miƙa masa, wanda bai iya karantawa ba ya zo aji." To, ga shi na rubuta.

Ni manomi ne a Takanamat. Na yi kokawa da ƙuruciya, na ka da wasu, wasu sun ka da ni, yanzu kuma in an gama girbi ni ke koya wa samari. Bango kuwa sunansa na yanka Garba, ɗan gwaggona ne, taubashina, ba ya kirana da komai sai "bawana". Ya yi shekara ashirin yana kokawa a garuruwan Adar ba a taɓa ka da shi a fili ba, har ya ajiye ta da sunansa cikakke.

Wata rana sakataren mairi, wato ofishin magajin gari, ya kira mu, ya karanta mana takarda. Wata ƙungiyar wasanni ce ke son kowane gari ya aika mutum biyu Tawa, su yi kwana shida suna koyon yadda ake koyar da wani wasa mai suna rugbi. Bango ya ce: "Mi ne ne shi kuma?" Sakatare ya ce shi ma a talabijin kawai ya gani, ƙwallo ne da kokawa a haɗe. Ya ce ranar ƙarshe akwai gwaji. Garin da mutanensa biyu duka suka ci, za a ba shi ƙwallaye da riguna, a sa shi cikin garuruwan da za su riƙa karawa. In ɗaya ya faɗi, biyun su koma hannu wofi.

Kafin mu tashi labari ya gama gari. Samarinmu, waɗanda in an gama girbi ba su da aiki sai zaman tasha suna kallon motocin arewa, suka ɗauki fatanyu da tsintsiya suka share fili bayan rijiya. Kwana uku suna tsince ƙaya. Har itacen gola suka kakkafa, ba su ma san yadda ake kafa shi ba. Da na ga filin nan sai na ji nauyi ya hau kaina.

Mun tashi ranar kasuwar Tawa, cikin motar nan mai buɗaɗɗen baya. Direba ya ce da hantsi za mu tashi, sai da muka yi azahar a tasha. An loda buhunan wake, aka ɗora awaki, aka ɗora mu bisa awaki. Wani bunsuru ya zaɓe ni tun daga farko, duk ramin da muka faɗa sai ya kai mini karo a haƙarƙari. Bango yana dariya yana cewa: "Ya gane ɗan'uwanshi." Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci. Abin ɗaga mota ya ƙi aiki cikin rairayi, sai direba ya dubi Bango. Shi da wasu Buzaye biyu suka ɗaga gefen motar aka tura dutse ƙarƙashinta. Ɗaya daga cikin Buzayen ya ba shi cuku don jin daɗi, ya cinye shi kaɗai yana kallona.

A shingen shiga Tawa jandarma ya ce kowa ya fito da katinsa na ɗan ƙasa. Na miƙa nawa. Bango ya lalube aljihu, ya lalube hula, sannan ya tuna. Ashe matarsa, don kada katin ya ɓata, ta kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya, yana rataye a damtsensa tare da sauran layunsa bakwai. Kuma bai san wacce ce ba. Jandarman mutum ne mai haƙuri, ya ba mu reza, ya koma inuwa. Fasinjoji suna zaginmu, awaki suna kuka, ni kuma ina lallatsa layu ɗaya bayan ɗaya ina neman mai tauri, Bango yana cewa: "Kada ka kuskura ka yanka wagga, ta kakana ce!" A ta biyar muka samu.

Daga tasha muka hau kabu-kabu. Na Bango gabansa ya ɗaga sama da ya zauna, mai babur ya ce shi bai ɗaukar mutum biyu.

An sauke mu a wani gidan baƙi kusa da filin wasa, mu goma sha shida a ɗaki biyu, kowa da katifarsa ta soso. Ni da na saba da tabarma, bayana bai yafe wa katifar nan ba har muka taso. Abinci kuma, da safe burodi da ruwan kafe, da rana taliya, kowa da farantinsa da cokalinsa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya kamar an yi faɗa. Mu a gida kwano ɗaya ake sa wa mutum biyar, wanda ya yi sanyin hannu ya kwana da yunwa. Bango ya ci farantinsa a loma huɗu ya tsaya yana jiran a kawo abincin. Da aka ce masa shi ke nan, ya fita, ya dawo da ƙwaryar fura daga kasuwa. Haka ya yi kullum.

Washegari muka je fili muna jiran mai koyarwa, sai ga mace. Madam Rakiya sunanta, haihuwar Maradi, zaman Yamai, ga usur a wuya, ga wandon wasa da ɗankwali. Ba ta da tsawo, amma in ta yi magana har bakin titi ake ji. Ta raba mana gajerun wanduna. Na ce: "Madam, ni fa ina da jikoki, gwiwata ba ta fita waje." Ta ce: "Malam Illa, da kuna kokawa da babbar riga kuke shiga?" Aka yi mini dariya, na sa wandon. Ta ce Bango ya cire layu don kada su ji wa wani ciwo. An ɗauki lokaci kafin ya yarda, kuma ni aka ba jakar in riƙe.

Ƙwallon ba zagayayye ba ne, dogo ne kamar kankanar da ba ta yi kyau ba. In ya faɗi ƙasa Allah kaɗai ya san inda zai yi. Dokar farko: gaba za ka gudu, amma ƙwallo baya kake miƙa shi. Bango ya ce: "Wanga wasa na masu gardama ne." Ta jera mu a karkace, kowa yana ɗan bayan na kusa da shi, ta ce kada ka miƙa sai ka ja abokin gaba ya zo kanka, in ya zo to wurinsa ya zama ƙofa. Na zana wannan a littafina, mutane ƙananan da'irori, ƙwallo ɗigo. Ta leƙa ta ce haka ya fi rubutun allo.

Tsaro shi ne na fi saurin ganewa. Ta yi ta bayani mutane suna tsere wa juna, layi yana ɓarkewa. Na ce: "Madam, wannan ai noman gayya ne. Kowa da kunyarsa, a tashi tare, wanda ya wuce ƴan'uwa ya bar ciyawa a baya." Ta ce in sake faɗa da ƙarfi. Daga nan layinmu bai ƙara karyewa ba, don duk wanda ke filin ya taɓa riƙe hauya, har Mushe Abdu, wani siririn malamin lakwal da ya zo daga Affala, wanda in iska ta taso sai ka ji tsoro dominsa. Lakwal ita ce makarantar boko, can ake ce wa malami Mushe.

Aka zo kan mele, wato inda mutum takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da wasu takwas ana turi, a jefa ƙwallo tsakiya. Nan Bango ya samu gidansa. Madam ta ce baya a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, kada a tura sai ta ba da izini. Da ta ba da izini sai da muka kai su bakin katanga. Aka zo kan tush, inda in ƙwallo ya fita fili ake jefo shi tsakanin layi biyu, mutum biyu su ɗaga ɗaya sama ya cafe. Bango ya ɗaga Mushe Abdu shi kaɗai, ya manta da saukewa. Mushe yana sama yana cewa: "Ka yi wa Allah, Malam Garba, ina da iyali!"

Rana ta uku matsala ta fito, kuma ni na fara jin kunya. Madam ta nuna yadda ake ka da mai ƙwallo: kafaɗa a cinya, kai a gefe, hannu biyu a naɗe ƙafafu, ba a taɓa wuya. Mushe Abdu ya taho da gudu, na sunkuya na kai shi ƙasa tsaf. Sai na miƙe na ɗaga hannuwana sama, na fara zagaye kamar yadda muke yi a fagen kokawa, ina jiran kirari. Ban ji ganga ba. Da na waiwaya, Mushe ya tura ƙwallo baya, nasu sun ɗauka, sun yi nisa har sun dangwala shi bayan layi, wato sun ci. Madam ta riƙe kai. "Malam Illa, wa kake yi wa rawa?" Ashe duk ƴan kokawar da ke wurin haka muke yi. Mu a wurinmu in mutum ya faɗi magana ta ƙare. A rugbi kuwa a nan take farawa. Wanda aka kama ya sauka da kansa a gefen jiki, ya juya wa abokan gaba baya, ya miƙa hannu ya ajiye ƙwallo wajen nasa, nasa su tsallaka kansa su kare shi, wani ya ɗauka a ci gaba. In ka ƙi sauka suka riƙe ka a tsaye ƙwallo bai fito ba, alƙali ya busa, ƙwallo ya zama nasu.

Kowa ya koya, wasu da ƙyar. Ni na faɗi ya fi sau talatin a ranar. Bango kuwa ko sau ɗaya. In ya karɓi ƙwallo mutum uku su rataye a jikinsa, ya buɗe ƙafafu ya tsaya kamar gawo. Usur. Ƙwallo ya tafi. Madam ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kwanta da kanta a ƙasa ta nuna masa. Ya ce: "Madam, in sun iya su ka da ni." Ta ce ba ana gwada ƙarfinsa ba ne. Ya ce to mi ake gwadawa? Ta nuna mini takardarta: gaban sunan kowa akwai gidaje biyar. Na Bango huɗu da alama, ɗaya wofi. Ta ce: "Mutumin da bai sauka ba ba zai koya wa yara sauka ba, kuma yaron da bai iya sauka ba shi ke karya wuya. Ba zan sa hannu ba."

Mutane suna cewa ina da haƙuri, kuma gaskiya ne, na yi noma da jaki mai taurin kai shekara tara ban taɓa dukansa ba. Kwana biyu ina bin Bango. Na ce masa wasa ne. Na ce ba kokawa ba ce, ba a lissafa ta. Na ce ba wanda ya san shi a nan. Wannan ta ƙarshe ƙarya ta zama, don ƴan garinmu masu sana'a a Tawa, masu kabu-kabu da masu sayar da albasa, sun ji labari sun fara zuwa kallo, suna kiran sunansa daga kan katanga.

Ana gobe gwaji, bayan la'asar, na same shi a gindin itacen bedi da ƙwaryar furarsa. Na tuna masa filin bayan rijiya, da ƙayar da yaran nan suka tsince da hannu. Na ce: "Mi za mu ce musu?" Ya ce, kuma bai ce bawana ba: "Illa, kai kana da gona babba, kana da ɗiya maza, yanzu har karatu ka iya. Ni abu guda gare ni. In na wuce yara na cewa ga wanda ba a taɓa kayarwa ba. Shi kake so in bari a Tawa saboda kankana?" Haushi nake ji, amma na san ba ƙarya ya yi ba.

Ranar gwaji aka raba mu gida biyu, ni da Bango gefe ɗaya, Mushe Abdu a ɗaya gefen. Madam na tsaye da takarda da usur. Katanga ta cika da ƴan Takanamat. Karon farko Bango ya karɓa, suka rataye, ya tsaya, usur. Katanga ta ɗauki ihu, su a ganinsu nasara ce. Karo na biyu haka. Madam ta dubi agogo, ta dube ni, ta girgiza kai.

Karo na uku ni ne a bayansa. Aikina in sa kafaɗa in tura. Na taho da gudu, na ga faffaɗan bayan nan a tsaye, na ga mutum huɗu suna lilo a jikinsa, sai filin bayan rijiya ya faɗo mini a rai. Wallahi ban shirya ba. Na sa masa taɗiya irin wadda kawunmu ya koya mana tare muna yara, na ja kafaɗarsa. Duk ƙarfinsa yana gaba, bai tsammaci komai daga baya ba. Ya tafi ƙasa, mutum huɗu suka bi shi.

Amma ga abin da na gani da idona: yana kaiwa ƙasa ya mirgina gefe, ya juya baya, ya miƙa hannu biyu ya ajiye ƙwallo wajenmu, daidai yadda aka koya. Ashe duk kwanakin nan yana kallo.

Madam ta busa usur kamar zai fashe. "Malam Illa! Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya ka da nasa ba. Laifi ne, ƙwallo nasu ne. Ka ƙara, ka fita fili." Na ce na ji. Ta juya wajen Bango, yana zaune yana duban ƙasar da ke gwiwar hannunsa. Ta rage murya ta ce: "Malam Garba, hannunka ya iya. Amma ba kai ka sauka ba, sauke ka aka yi. Gidan nan yana nan wofi. Saura minti biyar."

Ya tashi. Bai karkaɗe jikinsa ba, bai dube ni ba. Ya dubi katanga, su ma suna dubansa. Na ce a raina yau ko dai ya fita filin ko ya karya ni, kuma duk wanda ya yi ban ce ya yi laifi ba.

Aka ci gaba. Muka ƙwace ƙwallo a mele, ya bi hannu biyu ya iso wurinsa. Ba kowa a gabansa sai Mushe Abdu, ya rufe ido ya sunkuya ya rungume ƙafa ɗaya. Bango zai iya tafiya da shi har Affala bai ji nauyi ba. Sai ya lanƙwasa gwiwa, ya sauka a gefensa, ya ajiye ƙwallo. Na tsallaka kansa na tsaya, wani namu ɗan garin Bagga ya ɗauka, ƙofa a buɗe don duk sun taru suna jiran Bango ya tsaya, ya ruga ya dangwala. Na ga Madam ta sa alama.

Mun dawo da takardun shaida biyu da buhu ɗaya na ƙwallaye da riguna. Tun daga tashar Tawa har gida Bango bai ce mini uffan ba. Ya karɓi jakar layunsa, ya zauna can ƙarshen mota da buhun a cinya. Na saya masa fura, ya ba yaron mota. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba, har na yi kewar bunsurun.

Labari ya riga mu isa, masu kabu-kabu suna da waya. Kwana biyu bayan nan na tara samari a filin bayan rijiya. Miƙa ƙwallo baya suka yi ta dariya amma suka yi. Layin gayya nan da nan. Da na ce to yanzu sauka, kowa ya tsaya yana kallon ƙafarsa. Duk ƴan kokawa ne, kuma ƴanmata suna rijiya suna kallo. Na kwanta na nuna, wani ya ce: "Kai Baba Illa ai ka saba." Na ji haƙurina yana shirin ƙarewa karo na biyu a wata ɗaya.

Sai ga Bango, ban ma san yana wurin ba. Ya cire riga, ya cire layu ya ajiye a kanta, ya ɗauki ƙwallo. Ya nuna mafi ƙanƙanta a cikinsu ya ce: "Kai, taho, kama ƙafata." Ya sauka a gaban gari duka, ya ajiye ƙwallo, ya tashi, ya sake, har sau uku. Sannan ya daka musu tsawa: "Akwai wanda ya fi ni baya mai tsada a nan? To ku jeru!" Suka jeru.

Da za mu watse ya zo ya tsaya kusa da ni, yana ɗaura layunsa, idonsa a wani wuri. Ya ce: "Bawana, an ce wai za ka rubuta." Na ce haka Malam Sa'idu ya ce. Ya ce: "To ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa daga baya ka zo. In ka bar wannan, sai na shiga ajin nan naku na koyi karatu don in kama ka."

To, ku masu tambaya, ga amsarku. Sau na biyu shi ya sauka da kansa. Sau na farko ni ne, kuma DAGA BAYA NA ZO.